Lakar Tafkin Maje a Ƙasar Ƙanƙara

Ba zan tsaya kan yadda na bar gida ba. Duk wanda ya taɓa yin doguwar tafiya ya san wannan ɓangaren, addu'o'i da riƙe-riƙen hannu da saƙonnin da ba za ka taɓa isarwa ba. Zan fara daga inda wahalar ta fara, wato wani ɗan ɗaki marar taga a filin jirgin saman ƙasar Finlan, inda wata ma'aikaciyar kwastan ta sa safar hannu ta buɗe akwatina, ta tarar da bututun roba cike da baƙar laka.

Sunana Habibu, mutumin Gazara ne ni, a ƙasar Makarfi. Kafin tafiyar ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Ikara. Lakar kuwa ta Tafkin Maje ce, tsohon tafkin da ke bayan gonakin rakenmu, wanda ko kakanninmu ba su taɓa ganin gindinsa a bushe ba. Saboda ita aka ba ni gurbin karatu, ba don kyan fuskata ba.

Dole in ɗan yi bayani, domin ko a gidanmu an ɗauka taɓin hankali ne mutum ya yi dakon laka zuwa ƙasar Turawa. A cikin lakar gindin tafki akwai wasu ƙwayoyin halitta da ake kira bakteriya, waɗanda ido ba ya gani. Wasu daga cikinsu sukan tsotsi ƙarfen da ya narke a ruwa, su ƙera 'yan mitsi-mitsin duwatsun maganaɗisu a cikin jikinsu, wato mayen ƙarfe, su jera su kamar carbi. Wannan jerin shi ke nuna musu hanya, su bi shi zuwa inda iskar da ke cikin ruwan ta yi musu daidai. Idan sun mutu jikin ya ruɓe, duwatsun su kwanta a wurin. Lakar bana ta hau kan ta bara, ta bara tana kan ta bara waccan, haka har can ƙasa. Wanda ya iya karatun zai bi hawa-hawan nan ya ce a nan tafki ya cika, a nan kuma an yi fari ruwa ya ja baya. Sharaɗin shi ne lakar ta zo maka yadda take kwance, a jiƙe, a rufe, cikin sanyi, ba a cakuɗa samanta da ƙasanta ba.

Farfesar da ta gayyace ni ta riga ta ƙoshi da tafkunan ƙasarta. A can maganaɗisun duniya ƙasa yake nunawa, saboda haka ƙwayoyin ba sa shan wahalar gane ina ne sama ina ne ƙasa. A wajenmu kuwa kusan a kwance yake. Tana so ta ga yadda namu suke fama.

Akwai kuma alkawarin da na baro a gida. Inna, mahaifiyata, idonta yana dusashewa. Likita a Zariya ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce ke mutuwa a hankali, magani yana rage mata gudu ne kawai. Lokacin da na taho tana iya gane fuska idan ka matso kusa. Karatun na damina biyu ne, a kan haka ta yarda. Ta ce mini:

"Je ka, Auta, amma ka dawo ina iya ganin fuskarka. Ba na so in koma sanin ka da murya kaɗai."

To, mu koma ɗakin kwastan. Ƙasar wata nahiya ba ta shiga Turai sai da takardar izini, ni kuma ina da tawa. Wani ejan ne a Kano ya yi mini ita, mutum mai fara'a da farin carbi, wanda ya rantse mini cewa ɗalibai irina ya sha fitarwa. Ma'aikaciyar ta duba takardar, ta duba kwamfuta, ta kira wani abokin aikinta shi ma ya duba. Sannan ta gaya mini cikin taushin murya cewa babu wannan izinin a wajensu, ba a taɓa bayar da shi ba. Za su riƙe lakar, kuma dokarsu ita ce a ƙone ta.

Na roƙe su. Na yi musu bayanin ƙwayoyin da carbinsu, har da zane a tafin hannu. Suka saurare ni har na gama, ba wanda ya katse ni, suka ce sun fahimta kuma sun tausaya, sannan suka tura akwatin ta wata ƙofa. Da sun daka mini tsawa da na fi jin sauƙi, ko banza na sami wanda zan yi fushi da shi. Na kira ejan ɗin daga nan inda nake tsaye, wayarsa a kashe. Har yau a kashe take.

Daga nan jirgin ƙasa ya ɗauke ni zuwa arewa, garin da jami'ar take. Bishiyoyi iri ɗaya, ruwa, bishiyoyi, ruwa, ba ka ganin ko akuya. Na shiga ofis ɗin Farfesa hannu rabbana, na ba ta labari ina kallon takalmina. Doguwar mace ce mai furfura da ba ta san gaggawa ba. Na fara tunanin korata za ta yi. Can ta ce ita za ta nemi izini na gaskiya, ni kuma in sami wanda zai sake ɗebo mini lakar a gida. Izinin yakan ɗauki watanni, kafin nan in bi Yuha in koyi aiki.

Yuha shi ne tsohon da ke kula da na'urori. Ban taɓa ganin marowacin magana irinsa ba. Akwai wani ɗaki da aka lulluɓe don kada maganaɗisun waje ya shiga, a nan ake awo, kuma ba a shiga da ƙarfe ko ɗaya. Makulli, waya, agogo, bel, duk a bakin ƙofa ake ajiyewa. Ni kuwa na riga na rame, wandon ya yi mini yawa. Haka na yini ranar farko hannu ɗaya na aiki, ɗaya na riƙe da ƙugu, wata ɗaliba tana kau da kai tana danne dariya. Washegari na tarar da bel na igiya mai maɓallin roba a kan teburina. Na je yi masa godiya irin tamu, doguwa mai addu'a, ya ɗaga kafaɗa ya ci gaba da goge kwalba.

Shi ne ya fara nuna mini ƙwayoyin da ransu. Shekaru ina karanta labarinsu a littafi, ban taɓa ganinsu ba. Ya ɗiga ruwan laka a kan gilashi ya sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ajiye ɗan mayen ƙarfe a gefe, ya yi mini alama in leƙa. Sai ga su nan birjik, suna iyo gaba ɗaya zuwa gefe guda. Ya juya mayen ƙarfen, duk suka yi kwana suka nufi ɗaya gefen, ba wadda ta yi gardama. Na ce Subhanallahi a hankali. Ya tambaye ni me na ce, na fassara masa iya iyawata. Ya ɗan yi tunani ya ce hakan ma daidai ne.

Sai hunturu ya shigo, na gane cewa sanyin da muke kuka da shi a gida wasa ne. Ba sanyin ne ma ya fi karya ni ba, duhun ne. Rana ba ta leƙowa sai hantsi ya wuce, kafin ka ce me ta koma. Azahar, la'asar da magariba suna bin juna a guje, alwala ɗaya ta ishe ka. Na gaji irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Mutanen kuma ba mugaye ba ne, amma ba sa gaisuwa. Na taɓa tare maƙwabciyata a bakin bene na tambaye ta kwanan iyali da gajiya da sanyi, ta ƙanƙame jakarta tana jira ta ji abin da nake nema. Tun daga ranar na koyi ɗaga gira in wuce, kuma na ji haushin kaina da na iya.

Lokacin nan ne ake dafa mazarƙwaila a gida. Ina tafe cikin ƙanƙara sai ƙamshinta ya faɗo mini a rai, da hayaƙin ɓawon rake, da hayaniyar masu lodin mota. Na sha tsayawa a gefen hanya hawaye na daskarewa a gashin idona. Kewar gida ta kama ni sosai, ba zan ɓoye ba.

A tsakiyar hunturun aka fita da ni ɗibar laka. Su ba kwalekwale suke shiga ba, jira suke tafki ya daskare su taka a kansa da ƙafa, su huda rami su zura bututu. Ni da na san ruwa a matsayin abin da ke cin mutum, aka ce in hau kansa in yi tafiya. Na hau ina karanta duk addu'ar da na haddace. Kafin azahar na daina jin yatsun ƙafata. Yuha ya lura da yadda nake takawa, ya zaunar da ni a kan akwatin kaya, ya ciro safar ulu mai kauri daga aljihunsa ya ce matarsa ce ta saƙa, ta yi masa kaɗan. Ƙarya yake yi, ƙafarsa ba ta fi tawa ba.

Wata rana a cikin bas ina waya da yayana Sule, na ji an dafa kafaɗata an ce, "Ɗan'uwa, daga wane gari?" Na waiga a firgice. Wani dattijo ne baƙi da hular ulu, Baba Ɗanjuma, Bahaushen zangon Kumasi, yana aikin wanke motocin bas. Hausarsa ta ɗan karkace, amma a kunnena ranar ba a taɓa yin mai daɗinta ba. Ya ja ni ɗakinsa ya tuƙa tuwon semo da miyar kuka, na ci har na ji kunya. Kukar da daddawar ƙanwarsa ce ke aiko masa. Ya buɗe mini kwabarsa yana dariya, leda-leda, komai an shanya an daka an tankaɗe, har ya ce matanmu da za su iya da ruwan rijiya ma sun shanya sun aiko. Na tambaye shi yaushe ya zo. Ya ce shi ma da niyyar shekara biyu ya taho, lokacin gashinsa baƙi ne. Daga nan tuwon ya daina wuce mini da daɗi.

Izini ya fito daidai lokacin da Yaya Sule ya ba ni wani labari. Manoman rani sun haɗa kai sun ɗauko hayar katafila za ta yashe Tafkin Maje, a ƙara masa zurfi don ban ruwan rake da tumatir. Ba zan ga laifinsu ba, gonarmu ma tana cikin masu amfana. Amma in katafila ta sa haƙori a gindin tafkin, karatuna ya tafi ke nan.

Na koya wa Yaya aikin ta waya, yana kallona ina kallonsa. Ya sayo bututun ruwa na roba a kasuwar Makarfi, ya ari kwalekwalen wani masunci. Na ce ya soka bututun a miƙe, ya toshe sama kafin ya zaro, ya rufe bakin biyu ya naɗe da roba, ya zana kibiya mai nuna sama, sannan ya kai wajen mai sayar da ƙanƙara a Makarfi a ajiye cikin sanyi. Ya ce mutane ƙannensu na aiko musu waya da takalmi daga Turai, shi nasa aikin laka yake aiko masa. Duk da tsiyar ya yi aikin tsaf, ya ma fi wanda na yi da hannuna kyau. Ba a jima ba katafila ta shiga. Ta tara lakar a bakin tafki tsibi-tsibi, manoma suka kwashe zuwa gonaki a matsayin taki.

Saura mai kawowa. Aka dace da wata ma'aikaciyar jinya 'yar Hunkuyi da ke aiki a babban birnin ƙasar, ta je hutu gida, ta yarda za ta taho mini da saƙon. Na aika mata izinin, na yi mata kashedin nauyi. Dawowarta ta yi ta ɗagawa, ni kuma ina ta lissafin damina. Ta farko ta riga ta wuce.

Ranar da ta iso na hau jirgin ƙasa na je tarbarta. Ina baza ido in ga dogon akwati, sai ta miƙo mini wata 'yar jaka da yatsa biyu. Ta ce Allah ya yi wa Inna albarka, ta sauƙaƙa mata kaya, ko a kwastan ba a ɓata mata lokaci ba da suka ga izinin. Ta yi mini sallama ta tafi kama motarta.

Na zauna a kan benci na buɗe. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji. A ƙasa kuma leda uku na wani gari mai launin toka, mai laushi, an ƙulle bakinsu da irin ƙullin da na sani tun ina ɗan firamare. Na ɗauka toka ce ta miya. Na kwance ɗaya na shinshina, sai na ji warin tafkinmu.

A cikin jirgin komawa na kira Yaya Sule. Da farko ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya faɗa mini. Injin mai ƙanƙara ne ya lalace, ya ce kowa ya zo ya kwashi ajiyarsa. Yaya ya ɗauko bututun ya jingine shi a ɗakin Inna, don ɗakin ƙasa ne, ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ya ce mata saƙon Habibu ne za a kai masa, ya bi motar rake zuwa kudu. Zafi ya yi zafi, murafan suka fara tsatsafo da ruwa, wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Lakar gindin tafki haka warinta yake, amma Inna ina za ta sani? Ta ce saƙon ɗanta yana ruɓewa tana zaune. Ta sa matar Yaya ta yanka bututun, suka baza lakar a kan buhu a tsakar gida, Inna ta yini tana korar kaji da sanda. Da ta bushe ta ce ba mai dakawa sai ita. Ta haɗa duka a turmi ɗaya ta daka da lalube, ta tankaɗe da rariya, ta fitar da saiwoyi da ɓawon katantanwa, ta sake tankaɗewa. Ta ce ba za a kai wa Turawa abu da tsakuwa su raina mata ɗa ba.

A jirgin ƙasarsu ba a ɗaga murya, amma ranar na ɗaga. Na gaya wa Yaya maganganun da ƙane ba ya gaya wa wansa. Ya bar ni har na gaji, sannan ya ce:

"Na ji, duk laifina ne. Amma don girman Allah kada ka faɗa mata. Kwana da kwanaki kafaɗarta na ciwo saboda dakan nan, kuma duk wanda ya shigo sai ta ba shi labari."

Na ji haushin Inna, wannan gaskiya ne. Na ji haushinta har cikin raina, kuma ba inda zan kai shi. Da na kira ta, tun kafin mu gama gaisawa ta tambaya ko saƙo ya iso. Na ce ya iso. Ta ce bai yi tsami a hanya ba ko? Na ce ko kaɗan. Ta yi hamdala, ta ce dama ta gaya wa yayana aikin maza sai an bi bayansa.

Na ajiye ledojin a teburin Farfesa na yi mata bayani. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Ta murza garin a yatsunta ta ce an tankaɗe shi da kyau, kakarta ma da haka za ta yi. Yuha ya ɗebi kaɗan ya jiƙa, ya janyo abin da ke bin mayen ƙarfe, muka kai babban madubin da ke aiki da lantarki. Sai ga duwatsun a kan allo. Wasu masu kusurwa, wasu masu tsini, duk girmansu kusan ɗaya, shaidar cewa mai rai ne ya ƙera su. Taɓaryar Inna ba ta fasa su ba, sun yi mata ƙanƙanta. Amma carbin ya tsinke, na zamanin kakana ya gauraya da na bara, ba mai iya raba su.

Ashe dai suna nan a Tafkin Maje, a bayan gonarmu, tun ban san kaina ba. Na yi murna ta ɗan lokaci kaɗan. Farfesa ta ce wannan zai cika shafi biyu ko uku masu kyau, amma ba zai zama digiri ba. Hanya biyu ce. Ko in koma gida haka nan, ko in koma kan wani tafkinsu in fara daga tushe, wanda ke nufin jiran wani hunturu a ɗebo laka, da ƙarin shekara guda. Idan na zaɓi zama sai an sabunta mini izinin zama, kuma muddin ana kan sabuntawar, in na fita ƙasar ba tabbas in sake shiga.

Na kai wa Baba Ɗanjuma maganar. Bai ce in tafi ba, bai ce in zauna ba. Yana tuƙa tuwo ya ce shi ma haka ya ce lokacin da aka gaya masa tsohonsa ba lafiya, bari ya ƙarasa abin da ya kawo shi tukuna. Bai ƙara komai a kai ba, ni ma ban tambaya ba.

Na yi ta juya abin. Na bar aikina a Ikara, duk Gazara ta san na tafi karatu, har liman ya sa ni a addu'a ranar Juma'a. Na ce wa kaina shekara ɗaya ce, likita ya ce a hankali abin ke tafiya, wataƙila idon ya jira ni. Na kira Inna na ce Turawa sun ƙara mini shekara, aikin ya yi yawa. Ta ce kada in kuskura in dawo hannu wofi, Allah ya nuna mana. Na riƙe wannan maganar na zauna, ko da yake na san ba ita ce a ranta ba.

Shekarar ƙarshe ba ni da abin faɗa a kanta sosai. Na sake hawa ƙanƙara, wannan karon ba addu'a mai yawa, gajiya ta cinye tsoron. Na yanka lakar tafkin wasu mutane, na cusa ta a 'yan akwatunan roba, na auna, na rubuta lokacin da ruwansu ya cika da lokacin da ya ragu. Aikin ya yi kyau, haka aka ce. Yaya yana ba ni labarin idon Inna gutsure-gutsure. Ta daina gane mutane sai sun yi magana. Ta fara bin bango. Hasken ƙofa kawai take gani. Daga baya ya daina faɗa, ni kuma na daina tambaya. Ranar da na gama, Yuha ya raka ni tashar jirgi, ya miƙa mini hannu ya ce in gaida mai turmi. Ita ce magana mafi tsawo da ya yi mini a makon.

Na shigo Gazara da la'asar, damina ta uku tana tsakiya. Daga kan hanya na hango tafkin, ya zama wani rami mai kusurwa huɗu, injunan ban ruwa a rufe da leda a bakinsa. Yaya Sule ya tarbe ni a zaure, muka rungumi juna ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Ya ce in shiga, tun safe take zaune.

Tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta sa zanenta na Sallah. Na yi sallama, ta amsa ta juyo, amma fuskarta ta ɗan kauce daga inda nake tsaye. Na durƙusa a gabanta, na matso kusa kamar yadda nake yi da. Idanun a buɗe suke, ba su tsaya a kaina ba. Ta miƙo hannu ta sami kafaɗata, ta hau zuwa wuya, zuwa kumatu. Ta ce na rame, kuma wa ya ce in bar gemu. Ta bi goshina da babban yatsa, ta bi hancina, a hankali, ba ta gaggawa.

Muka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen can ɗaya bayan ɗaya, har Yuha da ba ta iya faɗin sunansa daidai. Sannan ta ce:

"Garin nan da na aika maka, ya yi amfani?"

Yaya yana tsaye a bayanta yana girgiza mini kai. Na ce ya yi, Inna, ya yi sosai, har Farfesa ta yaba tankaɗen.

Hannunta na kan maƙogwarona lokacin. Ta ce:

"Ka haɗiyi yawu kafin ka amsa. Yayanka ma duk sanda na tambaye shi sai ya tuna yana da aiki a gona. Ina zaune ba abin da nake yi sai tunani, Auta. Da aka yanka bututun nan na ji lakar a hannuna, sama taushi, ƙasa tauri, ba iri ɗaya ba ce. Ni kuma na haɗe su. Ni ce na ƙara maka shekarar nan, ko?"

Yaya ya juya ya fita. Na zauna a wurin ina kuka ba sauti, ita kuma ba ta sake tambaya ba, hannunta na kan fuskata tana share mini da gefen yatsa.